Taga ko makulli: wace hanya za ka bi wajen saka wani shafi cikin naka?

Shugaban wata makarantar Islamiyya ya kira ni kwanakin baya, yana so a ƙara wa shafin makarantarsu abu huɗu. Akwai fom ɗin neman gurbi da suka riga suka haɗa a Google Forms, da bidiyon walimar sauka da ke YouTube, da jadawalin kuɗin makaranta da ke wani tsohon shafinsu, sai kuma taswirar da za ta nuna wa iyaye hanya. Ya ce, "Injiniya, duk ka zuba su a shafin farko." Na ce, "Allah gafarta Malam, zubawa ba wuya, sai dai abu huɗun nan ba ƙofa ɗaya za su bi ba."

Mai koyon haɗa shafi da zarar ya gano `iframe`, wato umarnin da ke nuna wani shafi a cikin naka, sai ya mai da shi maganin kowace cuta. Ni ma haka na yi a farkon farawata. Amma kafin ka zaɓi hanya, tambaya biyu ya kamata ka fara amsawa: abin nan da zan saka, na waye? Kuma har ina na yarda da mai shi?

Mu fara da `iframe`, wanda zan riƙa kira taga. Kwatancinsa kamar shagon da aka yanka a jikin gida ne aka bayar haya. Bango ɗaya ne, fenti ɗaya, mai wucewa zai ɗauka duk gini ɗaya ne, amma ƙofar shagon waje take kallo. Ɗan haya ba ya shiga tsakar gidanka, kai ma ba ka buɗe durowarsa. A burauza wannan katangar ana kiranta dokar asali ɗaya: in adireshi biyu suka bambanta a sunan shafi, ko a tashar da ake shiga, ko ɗaya `http` ɗaya `https`, to JavaScript ɗin wannan, wato umarnin da ke sa shafi aiki a burauza, ba ya iya karanta abin da ke cikin wancan. Duk amfanin taga daga wannan katangar ya fito, haka ma duk ciwon kanta.

Ba sabon abu ba ne. Netscape Navigator 2.0 ya zo da `frameset` a 1996, wanda ke yanka fuskar burauza gida-gida, jerin mahaɗai a hagu, rubutu a dama. Microsoft kuma ta kawo `iframe` a Internet Explorer, ya shiga ƙa'idar HTML 4.0 a 1997. Da HTML5 ta fito a 2014 an yi watsi da `frameset`, aka bar `iframe`. In ka ci karo da darasin da ke koyar da `frameset` yau, wuce abinka, tsohon yayi ne.

Fom ɗin Malam shi ne irin abin da aka yi taga dominsa. Na wani ne, yana da rai, ana cike shi ana turawa, kuma amsoshin suna zuwa wurin Google, ba sabarmu ba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinmu. Google ma da kanta take ba ka layin da za ka kwafa. Cikin minti biyu an gama.

To, a nan tsugune ba ta ƙare ba. Taga ba ta san tsawon abin da ke cikinta ba, ko in ce ta sani amma ba ta gaya wa shafinka. In ba ka faɗi girma ba, burauza za ta ba ta fiksel 300 a faɗi da 150 a tsawo, ɗan akwati ke nan. In ka faɗi tsawo, fom ɗin da ya zauna daram a kwamfuta sai ya miƙe a waya, domin tambayoyin sun karye zuwa layi biyu-biyu. Sai uba ya zo cikewa ya tarar yana jan shafi biyu, ɗaya cikin ɗaya: ya ja da yatsa fom ya motsa, ya sake ja shafin waje ya gudu, maɓallin turawa yana can ƙasa a ɓoye. Na ga wannan da idona a wayar wani mahaifi a ofishin makarantar. Ya cike komai tsaf, ya miƙo min wayar ya ce abin ya ƙi ƙarewa.

Akwai gyara na gaske, amma sai ɓangarorin biyu sun yarda. Shafin ciki ya auna tsawonsa ya aiko da saƙo ta `postMessage`, shafin waje ya karɓa ya gyara tsawon taga. In duka biyun naka ne, shi ke nan, sai dai ka tabbata kana duba daga ina saƙon ya fito kafin ka yi aiki da shi. In na cikin ba naka ba ne, ba ka da ta cewa. Abin da na yi wa Malam shi ne na ba fom ɗin shafinsa shi kaɗai, na ba tagar tsawo mai yalwa bayan na gwada a ƙaramar waya, sannan na sa mahaɗi a sama wanda ke buɗe fom ɗin kai tsaye ga wanda tagar ta ba shi wahala.

Haka nan ba ka iya canza launi ko salon rubutun abin da ke cikin taga. CSS ɗinka, wato umarnin launi da salon shafi, a bakin katanga yake tsayawa. Shafinka kore ne, fom ɗin shuɗi, sai dai ka je can inda aka haɗa shi ka gyara. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Wani abin da ke ba sababbi mamaki shi ne ba kowane shafi ke yarda a saka shi a taga ba. Ka sa adireshin bankinka, ko shafin farko na Google ko Facebook, sai ka ga fili fari da saƙon cewa an ƙi haɗawa. Ba kuskurenka ba ne, da gangan suka yi. A 2008 wasu masana tsaro biyu, Jeremiah Grossman da Robert Hansen, suka bayyana wata damfara da za a iya kira satar latsawa: mugu ya saka shafin gaske a taga, ya mai da tagar garai-garai ba a ganinta, ya ɗora ta kan wani maɓalli na yaudara. Kai kana ganin ka latsa "karɓi kyauta", ashe wani abu ka amince da shi a asusunka. Maganin da aka fito da shi shi ne umarnin `X-Frame-Options`, wanda ya fara aiki a Internet Explorer 8 a 2009, daga baya `frame-ancestors` na `Content-Security-Policy` ya gaje shi. Sabar ce ke aiko da umarnin, burauza ta bi. Babu abin da za ka rubuta a naka shafin da zai karya shi. Shi ya sa adireshin kallon bidiyo na YouTube ba ya buɗewa a taga, sai wanda ke da `/embed/` a ciki, wanda suka tanada musamman don haka. Kuma in naka shafin yana da wurin shiga da kalmar sirri, kai ma ka sa wannan umarnin a sabarka tun yau.

Wasu in sun ga an rufe wannan ƙofar sai su zagaya, su sa sabarsu ta kwaso shafin mutane ta nuna shi kamar nasu. Ban ba ka shawarar haka ba. Tun 1997 jaridar Washington Post da wasu kafofin labarai suka kai wani shafi mai suna Total News kotu a Amurka, saboda yana nuna labaransu cikin firam ɗinsa kewaye da tallansa. An sasanta, kuma ya daina. Wanda ya rufe tagarsa ya gaya maka ra'ayinsa ke nan.

Sai batun kukis, waɗannan 'yan bayanan da burauza ke ajiyewa don shafi ya tuna ka shiga. In abin da za ka saka a taga yana buƙatar mutum ya shiga da sunansa, kuma yana kan wani adireshi daban, ka shirya ganin rigima. Safari ta toshe kukis na waje gaba ɗaya tun 2020, Firefox kuma ta killace su tun 2022, kowane shafi da tulunsa. Chrome tun 2020 ba ta aika su sai an yi musu alamar `SameSite=None` tare da `Secure`. Abin da ke faruwa shi ne, ka gwada a kwamfutarka komai lafiya, mai iPhone ya zo ya shiga, shafi ya sake tambayarsa kalmar sirri, ya sa, ya sake tambaya. Duk abin da sai an shiga da kalmar sirri, kamar wurin duba sakamakon jarrabawa, gara ka tura mutum can kai tsaye da mahaɗi.

Bidiyon walima shi ma taga ce ta dace da shi, domin ba wanda zai ɗora bidiyon awa guda a ƙaramar sabar haya. Matsalarsa nauyi. Kowace taga cikakken shafi ce mai zaman kanta, da nata HTML da CSS da JavaScript. Tagar YouTube guda tana sauke ɗaruruwan kilobayit tun kafin a latsa kunnawa. Mai haɗa shafi da ke zaune kan wayifai ba ya jin wannan. Mahaifiyar da ta sayi datar kwana ɗaya, a ƙaramar waya mai ɗan ƙwaƙwalwa, ita ke biyan kuɗin bidiyon da ba ta ma yi niyyar kallo ba.

Gyara mai sauƙi shi ne `loading="lazy"`, wanda ke hana taga sauka sai mai karatu ya kusa isowa inda take:

`<iframe src="https://www.youtube-nocookie.com/embed/LAMBAR_BIDIYO" title="Walimar sauka" loading="lazy" allowfullscreen style="width:100%; aspect-ratio:16/9; border:0"></iframe>`

Dubi abu uku a layin nan. `aspect-ratio` yana sa bidiyo ya daidaita da kowace fuska, ya hutar da kai daga tsohuwar dabarar nan ta kashi 56.25 cikin ɗari da muka daɗe muna kwafa. `title` shi ne abin da manhajar karanta fuska ke faɗa wa makaho, in babu shi ba zai san me ke cikin tagar ba. Adireshin `youtube-nocookie.com` kuma na YouTube ne, yana rage bibiyar mai ziyara.

Amma abin da na fi so, kuma shi na yi wa Malam, shi ne hoton rufi. Ka sa hoton bidiyon kawai da alamar kunnawa a kai, sai an latsa sannan tagar gaske ta sauka. Wanda bai latsa ba hoto ɗaya ya biya. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta, lite-youtube-embed, da Paul Irish ya rubuta don wannan aikin, ko kuma ka rubuta naka da layi goma na JavaScript. Asararsa kaɗan ce: ɗan jinkiri bayan latsawa, wani lokacin kuma a waya sai an latsa sau biyu.

Masu amfani da WordPress suna iya cewa su ba sa rubuta komai, adireshin bidiyo kawai suke liƙawa ya fito. Gaskiya ne. Tsarin oEmbed ne, wanda ya fito a 2008, WordPress ta ɗauke shi a 2009. Sai dai a ƙarƙashi taga ce dai ake ƙirƙira maka, da nauyinta cif.

Hanya ta biyu babba ita ce sikirif, wato layin `script` da wani kamfani zai ba ka ka liƙa: akwatin hira da kwastoma, maɓallin WhatsApp mai yawo, lokutan salla, saƙon X ko Instagram. A ido ya fi taga kyau. Tsawonsa yana daidaita da kansa, yakan ɗauki salon rubutun shafinka, ba ka ganin ɗinki. Dalilin wannan kyau shi ne babu katanga. Wannan ba ɗan haya ba ne a shagon waje, baƙo ne da ka ba makullin gida. Sikirif ɗin da ke aiki a shafinka yana iya duk abin da naka JavaScript ke iyawa: ya karanta abin da ake rubutawa a fom, ya canza lambar asusun da ka rubuta, ya tura mai ziyara wani wuri. Kuma fayil ɗin a sabarsu yake, suna iya canza shi cikin dare ba tare da ka sani ba.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A 2024 an sayar da adireshin polyfill.io, wanda shafuka sama da 100,000 ke janyo sikirif daga gare shi tsawon shekaru. A watan Yunin shekarar aka gano yana tura masu waya zuwa shafukan caca. Masu waɗancan shafuka ba su taɓa komai ba, layin da suka liƙa tun da daɗewa yana nan yadda yake, mai adireshin ne ya canza. Akwai kariyar `integrity`, inda kake ɗaure sikirif da wani hatimi, in fayil ya canza ko da harafi ɗaya burauza ta ƙi shi. Tana aiki, amma ga fayil mai tsayayyen zubi kaɗai. Yawancin akwatunan hira da na talla kullum cikin sabuntawa suke, ba sa ɗauruwa.

Don haka in mai abu ya ba ni zaɓi tsakanin taga da sikirif, kuma ban san shi sosai ba, taga nake ɗauka ko da ba ta kai kyau ba. Sannan taga tana da linzami. Ka sa mata `sandbox` ba tare da komai ba, sai ta hana abin da ke ciki gudanar da JavaScript, tura fom, buɗe sabon shafi, ko janye mai ziyara daga naka. Daga nan sai ka riƙa buɗe abin da ake buƙata ɗaya-ɗaya, kamar `allow-scripts` ko `allow-forms`. Tarko ɗaya ne: in abin cikin daga adireshinka yake, ka kuma haɗa `allow-scripts` da `allow-same-origin`, to yana iya cire wa kansa linzamin. Kamara, makirufo da sanin wurin da mutum yake kuma, tagar waje ba ta samunsu sai ka ba ta izini da `allow`. Kada ka kwafi dogon jerin izini ido rufe don kawai haka aka ba ka.

Inda abin ke da ban sha'awa shi ne karɓar kuɗi. Kamfanoni irin su Stripe da Paystack sikirif suke ba ka, amma shi sikirif ɗin taga yake buɗewa, kuma a cikin tagar ake rubuta lambar kati. Katangar da ta hana ka gyara launin fom ita ce ke hana shafinka ganin katin kwastoma, kuma alheri ne gare ka, domin abin da bai ratsa hannunka ba ba za a sace shi a wurinka ba. In wani ya ce zai haɗa maka fom ɗin kati da hannunsa don ya fi kyau, ka ce masa ka gode.

Sai jadawalin kuɗin makaranta. A nan ne na ce wa Malam a'a kai tsaye. Abin nasu ne, rubutu ne kawai da lambobi, ba dalilin gina katanga tsakanin ɗakinka da falonka. In ka saka abinka a taga, ka jawo wa kanka duk wahalhalun da na lissafa ba tare da ribar ko ɗaya ba. Ƙari a kan haka, injin bincike yakan jingina rubutun ga adireshinsa na asali, sai wanda ya nemi kuɗin makarantar a Google ya faɗa tsohon shafi tsirara, ba suna ba lambar waya. Bugawa a takarda ma takan yanke abin da ke cikin taga. Ga wani cikas kuma: tsohon shafin nasu `http` ne, sabon `https`, kuma burauza ba ta yarda shafi mai kariya ya ɗauki taga marar kariya.

Abinka, a sabar ake haɗa shi. In kana PHP, `include` ya ishe ka: kai da ƙafar shafi da jadawali kowanne fayil ɗinsa, sabar ta ɗinke su kafin ta aika, burauza ta ga shafi ɗaya sumul. A WordPress kuma ka mai da shi ɓangaren da ake sake amfani da shi, ka gyara wuri ɗaya ya canza ko'ina. Na taɓa gadon wani shafi da aka saka jerin mahaɗan sama a taga don kada a riƙa maimaita shi a kowane fayil. Kana latsa "Game da mu" sai shafin gaba ɗaya ya buɗe a cikin wannan ɗan siririn fili na sama, domin an manta da `target`, wanda ke faɗa wa mahaɗi inda zai buɗe. Jadawalin Malam dai kwafe shi muka yi zuwa sabon shafi, muka sa tsohon adireshin ya riƙa turo mutane nan.

Da a ce jadawalin yana canzawa kullum, kuma dole ya zauna a wani tsarin daban, da hanyar API zan bi: ka roƙi bayanan zalla a tsarin JSON, ka zuba su cikin naka zane. WordPress ma tana da wannan ƙofar a `/wp-json/` tun 2016. Ita ce ta fi kowace kyau a waya, ta fi sauƙin nauyi, ta fi ba ka iko. Ita ce kuma ta fi cin lokaci da kuɗi, sai mai bayanan ya buɗe maka izinin CORS, wato izinin karanta bayanansa daga shafinka, ko ka bi ta sabarka, kuma ranar da suka canza tsarin bayanansu kai za a kira. Ga farashin kaya ko jadawalin da dubban mutane ke dubawa, ta cancanci wahalar. Ga fom ɗin da ake buɗewa wata biyu a shekara, ɓarnar kuɗin makaranta ce.

`object` da `embed`, wasu tsofaffin hanyoyin saka abu a shafi, ba sai mun daɗe a kansu ba. Zamaninsu na Flash ne, manhajar kunna bidiyo da wasanni a burauza, wanda aka rufe a ƙarshen 2020. Yau galibi PDF ake sakawa da su, kuma wayoyi da yawa ba sa nuna shi a cikin shafin yadda kwamfuta ke yi. Ka sa mahaɗin saukewa, ka rubuta girman fayil ɗin a gefe don mutum ya san abin da zai ci masa.

Taswira ce ta ƙarshe, kuma a kanta muka fi jan magana. Malam yana son irin wadda ake ja da yatsa, domin ya gani a shafin wata makaranta ta burge shi. Google Maps da OpenStreetMap duk suna ba da tagar kwafa kyauta, ba wahala. Sai na tambaye shi, mahaifin da ke neman makarantar, me zai yi da taswirar da ke cikin ɗan akwati a tsakiyar shafi? Ba zai bi ta yana tuƙi ba. Abin da yake so shi ne ta buɗe a manhajar taswirar wayarsa ta riƙa nuna masa kwana. Tagar kuwa ga nauyi, ga kama yatsa lokacin da mutum ke son wucewa ƙasa. Muka tsaya a kan mahaɗi guda mai cewa "Buɗe a taswira", da hoton ƙofar makarantar yadda mai zuwa zai gan ta daga titi.

A ƙarƙashin hoton Malam ya sa na rubuta kwatance da bakinsa: in ka wuce gidan mai, layi na biyu hannun hagu, kusa da mai injin markaɗe. Da na koma bayan an fara rajista, na tambayi magatakardan makarantar ko iyaye suna amfani da mahaɗin taswirar. Ya ce wasu suna yi, amma mai markaɗen ya ce a gaya wa Malam ya gaji da nuna ƙofa.